Kiran da Na Guje Wa Har Legas

An haife ni a shekarar 1978 a wani ƙaramin ƙauye da ke tsakanin Malumfashi da Ƙafur, tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Kakannina Maguzawa ne, kuma mahaifina shi ne na farko a zuriyarmu da ya karɓi bishara, har ya je makarantar Littafi Mai Tsarki ya dawo aka ɗora shi mai bishara a kan wasu unguwanni da ke warwatse cikin gonaki. Ni ne ɗan farinsa, don haka kunya ta hana shi kiran sunana har ya koma ga Ubangiji, sai dai ya ce "kai yaro", ko kuma ya aiko ƙanena ya kira ni.

Abin da na fara sani game da aikin Ubangiji shi ne talauci. Albashin Baba bai wuce ɗan abin da aka tara a faifan baiko ranar Lahadi ba, wato 'yan sulalla da ƙwai da mudun dawa, sai kuma damman da masu bi ke kawowa a lokacin godiyar kaka, idan damina ta yi kyau. Riga ɗaya gare shi ta shiga majami'a, wadda Inna ke wankewa ran Asabar da yamma ta shanya a kan danga. Kekensa kuwa, in taya ta fashe ba kuɗin faci, tsumma yake cusawa a ciki ya hau haka nan, ya rataya jakar da ke ɗauke da tsohon Littafinsa, fassarar nan ta 1932 da ya saba da ita, da littafin waƙoƙi wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Ban taɓa jin ya yi gunaguni ba, kuma a lokacin ban ɗauki wannan a matsayin abin yabo ba, domin ni nake zuwa makaranta ba takalmi.

Duk da haka ina ƙaunar Ubangiji tun ina ƙarami, kuma na iya karatun Hausa da wuri, har tsofaffin da ba su iya ba sukan kira ni in karanta musu Zabura a ƙofar gida. A ƙarshen 1995, bayan an gama girbi, aka yi taron matasa na gundumarmu. Mai wa'azin ya yi magana daga Matiyu sura 9, inda Yesu ya dubi taron mutane ya ji tausayinsu, ya ce girbi na da yawa amma ma'aikata kaɗan ne. Ban ji wata murya daga sama ba, ban kuma ga wahayi ba. Abin da ya same ni shi ne wani nauyi da ya sauko mini a ƙirji, tare da tabbacin da ban iya musawa ba cewa da ni ake. Da aka ce masu ba da kansu su tashi, na tashi, dattawa suka ɗora mini hannu suka yi addu'a. Da labarin ya iso gida Inna ta yi guɗa, Baba kuwa bai ce komai ba, sai dai a daren nan na ji shi yana waƙa shi kaɗai a zaure.

Ba a yi nisa ba zafin bazarar 1996 ya shigo da annobar sanƙarau, wadda ta ratsa Arewa ta kashe mutum sama da 11,000. Ta kama ƙanwata, yarinya 'yar shekara tara wadda ni nake goya ta tun tana jaririya. Ranar da wuyanta ya sanƙare Baba yana wata unguwa mai nisa wajen jana'izar wani da cutar ta kashe, kuma babu ko kuɗin mota a gidan. Na bi gidaje ina neman rance, kowa na fama da nasa majinyacin, sai da rana ta yi tsaka na sami wanda ya ba mu aron amalanke. Kafin mu isa asibiti ta daina gane mu, da muka isa kuma babu gado, majinyata na kwance a ƙarƙashin itatuwa. Ba ta kai gari ya waye ba.

A bakin kabarinta Baba ya tsaya ya maimaita maganar Ayuba, cewa Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. Jama'a suka amsa da amin, ni kuwa na ji kamar an watsa mini wuta. A raina na ce mutumin nan ya ba Allah ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, amma ranar da 'yarsa ke bukatar kuɗin mota ba a samu ba, kuma ga shi yana godiya. A wurin na ƙudura cewa 'ya'yana ba za su taɓa kwana da ciwo saboda rashin kuɗi ba, kuma idan aikin bishara shi ne wannan, to a nemi wani.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci cewa ban bar bangaskiya ba. Da na bar ta, da lamarin ya zo mini da sauƙi, domin wanda bai yarda akwai mai kira ba, kira ba ya damunsa. Ni na yarda sarai, na kuma san abin da ake so da ni, na dai ƙi ne. A 1997 na tafi Kano na shiga kasuwar 'Yankaba ina yi wa wani dillalin kayan gwari yaron shago, na koyi yadda ake gane tumatirin da zai jure tafiya da wanda zai narke a hanya, da yadda ake yanke farashi da manomi tun kayan na gona. Daga baya na bi tirela zuwa Legas, na sami gindin zama a kasuwar Mile 12, inda kayan Arewa ke sauka dare da rana. Kasancewata ɗan yankin Danja da Ƙafur ya taimake ni ƙwarai, domin na san manoman rani a fadamunsu, sun kuma san gidanmu. Nakan ba su bashin iri da taki da man injin ban ruwa, su kuma su biya ni da kwanduna idan kaya suka nuna.

Duk Lahadi ina majami'a, kuma zakkata ba ta taɓa yin latti ba. Har ƙari nake yi, ina aika wa masu bishara na gida kuɗi da kekuna, daga baya ma da babur. Mutane suna yaba mini, amma ni na san ciniki nake yi da Allah, ina cewa ga kuɗi, a aiki wani a madadina. Wa'azin da ya shafi kira kuwa ba na zama a ji shi da ni. Da zarar mai wa'azi ya buɗe littafin Yunusa, ko ya kai ga Musa yana kawo uzurin nauyin baki, ko Irmiya yana cewa shi yaro ne, sai in tuna akwai motar da nake jira in fice.

Labarin Yunusa na san shi tun daga makarantar Lahadi: an aike shi Nineba, ya gangara Yafa ya shiga jirgin Tarshish, hadiri ya taso, kifi ya haɗiye shi. Saboda haka na yi shekaru ina jiran nawa hadirin. Duk lokacin da na bi lodi ta Tegina da Mokwa da Jebba, inda tireloli ke kifewa a kan ido, nakan ce yau ce ranar. Idan ɗana ya yi zazzaɓi sai gabana ya faɗi, in ce an zo karɓar bashi. Amma hadirin bai zo ba. Kasuwa ta buɗe mini, na yi aure, Ubangiji ya ba mu 'ya'ya masu lafiya, na gina wa iyayena ɗaki na bulo da kwano. Wannan alherin ya fi horo tayar mini da hankali, domin na shirya wa faɗa, na tanadi hujjojina, amma wanda nake fushi da shi ya ƙi ya yi faɗa da ni.

A Mile 12 akwai samari 'yan dako da masu tura baro da yawa daga ƙauyukan Katsina da Kano da Zariya, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan masu bi irina, waɗanda ba su jin Turanci balle Yarbanci. Sukan shiga majami'un unguwar su zauna a baya har a tashi ba su tsinci komai ba, daga nan sai su daina zuwa. Wata Lahadi da yamma ɗaya daga cikinsu, wanda ke sauke mini kaya, ya zo da wani Sabon Alkawari da ya jiƙe da ruwan tumatir ya bushe, ya ce, "Maigida, an ce ka iya karatu. Innata ce ta sa mini shi a jaka, ni kuwa ban yi makaranta ba." Na karɓa na karanta masa labarin ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa, a Luka sura 15, don shi ne inda littafin ya buɗe. Mako na gaba ya zo da abokansa biyu. Kafin shekara ta zagayo rumfar ba ta ɗaukarmu, sai wani Alhaji, dillalin albasa da muke maƙwabtaka, ya ce mu riƙa amfani da tasa idan ya tashi, tunda yaran nan sun rage shaye-shaye tun da suka fara zama.

Na sha gaya musu cewa ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, karatu kawai nake yi musu. Su kuwa ba su fasa ce mini Malam ba. Karatu ya jawo tambaya, tambaya ta jawo bayani, sai ga ni ina raba dare ina bincike don kada in faɗa musu abin da ba daidai ba. Wanda ya yi rashin lafiya ni ake kira, wanda 'yan sanda suka kama ni ke zuwa beli, masu rigima a kan kuɗin dako ni ke raba su. Da mota ta buge ɗaya daga cikinsu a kan titin Ikorodu ya rasu, ni na yi addu'a a kan gawarsa, ni na kuma kai wa iyayensa labari da 'yan kayansa a ƙauye. Duk wannan ina yi ina gaya wa kaina cewa na tsere wa aikin bishara, kuma har ga Allah na yarda da hakan.

A farkon Maris na 2016 rikici ya ɓarke a unguwar Mile 12, aka yi asarar rayuka, gwamnatin Legas ta rufe kasuwar na wani lokaci. Motocina suna hanya a lokacin, kuma tumatir ba ya jiran sulhu, haka ya ruɓe a cikin kwanduna. Ban gama farfaɗowa ba sai tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda jaridu suka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir, ta faɗa wa gonakin Kaduna da Kano da Katsina. Gonar da ka gani kore shar yau, bayan 'yan kwanaki sai ka tarar da ita kamar an babbake. Manoman da na ba bashi ba su da abin biya, ni kuma na ci bashin wasu don in ba su. Jarin da na tara tun daga 'Yankaba ya tafi a rani guda, na sayar da mota da fili, duk da haka ban gama biya ba.

'Yan'uwa masu bi da suka san tarihina suka yi ta cewa Allah ne ya kama ni, kifin Yunusa ne ya iso. Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau ban karɓe ta yadda suke nufi ba. Tsutsar nan ba ta tambayi addinin kowa ba. Ta cinye gonar liman, ta cinye ta fasto, ta karya Alhajin da ya ba mu rumfa da wasu da suka fi ni biyayya nesa ba kusa ba, kuma ba zan iya cewa Ubangiji ya talauta dubban manoma don ya karya taurin kan mutum ɗaya ba. Inda na ga hannunsa shi ne a abin da ya biyo baya. Abokan cinikin da muke cin nama tare suka daina ɗaukar wayata, amma wata Lahadi bayan karatu samarin nan suka ajiye mini baƙar leda a kan benci. Da na buɗe sai na ga kuɗi ne, tsofaffin takardun naira hamsin da ɗari, duk sun yi laushi da gumi, an ɗaure su da roba. Babbansu ya ce, "Malam, mun ji an koro yara daga makaranta. Ba yawa, a yi haƙuri." Mutanen da ke kwana a kan kwali su ne suka mai da 'ya'yana aji. Na riƙe ledar na kasa magana, domin faifan baikon da na raina a hannun Inna ne ya biyo ni har Legas, kuma a wannan karon ni ne mai ci daga cikinsa.

A ƙarshen shekarar aka aiko cewa ɓarin jikin Baba ya shanye. Na tarar da shi a kwance, bakinsa ya karkace, maganarsa sai an kasa kunne. A cikin shekarun nan duka bai taɓa ce mini in dawo ba, bai kuma taɓa tuna mini da tashin da na yi a taron matasa ba, ni kuwa na ɗauka ko dai ya fid da rai ne ko kuma bai damu ba. Wani dare ina ba shi kunu, abin da na binne tun 1996 ya fito. Na ce, "Baba, yaya aka yi ka iya godiya a bakin kabarin nan?" Ya daɗe bai amsa ba, sai Inna da ke zaune a bakin ƙofa ta ce ai ban san komai ba. Ta ce bayan rasuwar yarinyar ya yi watanni yana fita gona da tsakar dare yana kuka yana faɗa da Allah da babbar murya, har ta ji tsoron ko ya taɓu, kuma sau da yawa ya ɗaure littattafansa da niyyar mayar wa dattawa, gari na wayewa sai ya kwance ya hau keke. Sannan Baba ya yi ƙoƙari ya haɗa kalmomi, ya ce, "Kai yaro, ban taɓa roƙon Ubangiji ya karya ka ba. Roƙona kullum shi ne kada ya sake ka."

A kwanakin jinyar nan na zauna na karanta littafin Yunusa daga farko har ƙarshe, abin da na daɗe ina kauce wa. Surori huɗu ne kacal, kuma na lura da abubuwan da makarantar Lahadi ba ta tsaya a kansu ba. Matuƙan jirgin da Yunusa ya shiga don gudu sun ƙare suna tsoron Ubangiji, wato ko a hanyar gudunsa an yi aiki da shi. Da kifi ya amayar da shi, maganar Ubangiji ta zo masa karo na biyu da aike iri ɗaya, ba gori, ba tonon abin da ya wuce. A sura ta ƙarshe kuma annabin yana zaune a gabashin birni cike da fushi har yana roƙon mutuwa, Allah kuwa ya tsiro masa da inuwa, yana lallashinsa da tambaya a kan mutum fiye da 120,000 da ke Nineba. Littafin ya ƙare ba a gaya mana amsar Yunusa ba. Ban taɓa sanin cewa akwai wuri a cikin Littafi Mai Tsarki ga bawan da ke fushi da Ubangijinsa, kuma Ubangijin ya zauna yana bi da shi a hankali ba.

Baba ya rasu a farkon 2017. Shawarar da na yanke bayan haka ba ta zo da wani farin ciki mai yawa ba, ta dai zo da hutawa, irin ta wanda ya daina riƙe ƙofa. Maiɗakina ce ta fi shan wahalar lamarin, domin ɗan kasuwa ta aura, kuma ta san labarin rigar Baba guda ɗaya daga bakina. Ta ce, "Maigida, kai aka kira, mu kuma fa?" Ban da amsar da zan ba ta, ban kuma so in rufe mata baki da aya. Muka yi watanni muna magana da addu'a, har ranar da ta ce za ta bi ni bisa sharaɗi ɗaya, cewa ba zan bar sana'a ba, kuma ba zan ɓoye mata halin aljihuna da sunan bangaskiya ba. Na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ina dab da shekara arba'in, ina zama aji ɗaya da yaran da na girme su da kusan shekara ashirin, ita kuma tana soya ƙosai a bakin ƙofar makarantar.

Yanzu ina kula da wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauye, ba nisa da inda aka haife ni, kuma zamanin ya fi na Baba tsanani ta wata fuskar. Tun kafin a sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 'yan bindiga suke addabar kudancin Katsina, kuma akwai dararen da mu da maƙwabtanmu Musulmi muke kwana a cikin dawa, mu dawo da safe mu ƙirga juna. Ina noman tumatir da rani kamar yadda na yi alkawari. Da kuɗinsa muka buɗe wani asusu a ikkilisiya wanda ba a taɓa shi sai don kai majinyaci asibiti, ko mai bi ne ko ba mai bi ba, kuma duk sanda ma'aikatan rigakafi suka zo, a harabar majami'a suke kafa teburinsu. A taron ma'aikata kuwa ba na jin nauyin faɗa wa shugabanni cewa barin mai bishara cikin yunwa ba tsarki ba ne, sakaci ne, domin Littafin da muke wa'azinsa ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Dalilin da ya sa ƙanwata ta mutu a ƙarƙashin itace har yau ba a ba ni shi ba, kuma nakan tayar da maganar a cikin addu'a idan bazara ta yi zafi.

A bara wani saurayi a ikkilisiyarmu, mai kaifin kai da son karatu, ya tashi a taron matasa ya ba da kansa ga aikin bishara. Bayan 'yan bindiga sun kore shanun gidansu sai ya canza magana, ya ce shi Legas za shi neman kuɗi, kada wanda ya ƙara yi masa zancen makarantar Littafi. Mahaifiyarsa ta zo mini da kuka tana roƙon in hana shi, ko in tsorata shi da labarin kifi. Na kira shi muka zauna, na gaya masa motar da zai bi daga Funtuwa, da dillalan da zai amince wa, da irin bashin da kada ya kuskura ya ci. Na cika masa kuɗin mota, sannan na kwatanta masa rumfar albasar nan da ke Mile 12, domin samarin suna taruwa har yanzu duk Lahadi da yamma, kuma sun aiko mini cewa mai yi musu karatu ya koma gida.